An ba mu takardar gwaji, ba a ba mu bayani ba

Ranar da na je awo a nan Ingila, ungozoma ta kira ni wani ɗan ɗaki mai kujeru biyu da tebur, ta rufe ƙofa, ta fara tambayata ko ina son a kira tafinta ta waya. Sannan ta ce gwajin jinina ya nuna ni AS ce. Na ce na sani, tun kafin aurena aka rubuta min. Ta ce, to me na fahimta da shi? Nan na yi shiru.

Sai ta jawo takarda ta zana gida huɗu. Ta ce a cikin jajayen ƙwayoyin jini akwai sinadarin da ke ɗaukar iskar da muke shaƙa, himogulobin, kuma kowa yana gadon nau'i ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Nau'in A shi ne na yau da kullum, S kuma shi ke sa ƙwayar ta lanƙwashe kamar lauje ta toshe ƙananan jijiyoyi, daga nan ciwon ƙashi ke tasowa. Lafiyayyar ƙwaya takan yi kwana 120, ta mai sikila kuwa da ƙyar ta wuce 20, shi ya sa kullum jininsu ke ƙasa. Idan mata da miji duk AS ne, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, wato ciwon sikila. Ta maimaita: kowane ciki. Haihuwar mai sikila ɗaya ba ta nufin uku na gaba sun tsira. Wallahi mata nawa na sani da suke wannan lissafin a gida.

Ta ƙara da cewa akwai C, wanda ya fi yawa wajen Gana da Burkina Faso, kuma SC ma ciwo ne. Aka kira maigida ya ba da jini. Duk jaririn da aka haifa a nan, a kwana na biyar ana tsira masa allura a diddige a gwada, idan yana da sikila a fara ba shi fenisilin kullum tun yana wata uku.

Abin da ya ƙona min rai shi ne mu ke da ciwon. Najeriya ce kan gaba a duniya wajen haihuwar masu sikila, kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da S. Amma har gobe ka tambayi saurayi jinotaif ɗinsa, wato ko shi AA ne ko AS ko SS, ya ce maka “O positive”, alhali wancan rukunin jini ne na ƙarin jini, ba ruwansa da amosanin jini. Kano ta yi doka a 2024 cewa sai an yi gwaji kafin aure, madalla. To wa ke zama da yarinya ya fayyace mata haruffan? Ana miƙa takarda, waliyyi ya duba, shi ke nan.

Na san za a ce likitanmu yana ganin layi tun asuba, ba shi da minti goma na zane. Gaskiya ne, kuma kar wani Bature ya ɗauka rashin ilimi ne ke damun mu. Ku shigo asibitocin nan ku ga masu aikin dare: ’yan Najeriya ne birjik, waɗanda suka yi karatu a Zariya da Ibadan da Maiduguri, su ke yi wa Turawa wannan bayanin dalla-dalla. Ban ga laifin wanda ya fito neman abin rufin asiri ba, ni ma fitowa na yi. Amma duk sanda na ji harshen gida a bakin nas a nan, ƙanwata nake tunawa, wadda ke da ɗa mai sikila, tana kwana a benci tana jiran wanda zai gaya mata da Hausa abin da ke damun ɗanta.