Faɗuwar 2019 ce ta kai Indiya duniyar wata

Ranar Laraba 23 ga Agusta 2023, wajen ƙarfe ɗaya da rabi na rana agogon Najeriya, ina zaune da waya a hannu ina kallon saukar kumbon Indiya, Chandrayaan-3, a kan wata kai tsaye. Da ƙafafunsa suka taɓa ƙasa, ɗakin injiniyoyi a Bangalo ya kaure da tafi da sowa. Ni kuwa hankalina ya tafi wani dare daban.

A Satumban 2019 Indiya ta gwada irin wannan saukar da Chandrayaan-2. Saura kamar kilomita 2 ya isa, sai sadarwa ta yanke, kumbon ya rikito ya tarwatse. Shugaban ISRO, hukumar sararin samaniyar Indiya, na lokacin, K. Sivan, ya fashe da kuka gaban kyamara, Firaminista Modi ya rungume shi yana bubbuga bayansa. Wallahi wannan hoton ya fi taɓa ni a kan murnar 2023.

Injiniyoyin ba su ce ƙaddara ce su naɗe tabarma ba. Sai suka zauna suka bi diddigin abin da ya kayar da su. Suka ƙara wa sabon kumbon ƙarfin ƙafafu, suka ƙara masa mai, filin saukar da a da bai wuce mita 500 ba suka faɗaɗa shi ya kai kilomita 4, don ko ya kauce ya sami inda zai dira. Shekara 4 suna wannan aikin shiru.

Na san masu cewa ƙasa mai talakawa haka me ya kai ta wata. Maganarsu abin dubawa ce, yunwa ba wasa ba. Amma kuɗin aikin bai kai dala miliyan 100 ba, kuma hukumar nan ita ke harba taurarin ɗan adam da ke hango guguwar teku tun kafin ta iso, a kwashe mutanen gaɓa.

Kwana 4 kafin saukar, kumbon Luna-25 na Rasha, ƙasar da ta riga kowa shiga sararin samaniya, ya faɗi a kan watan nan. Indiya ta zama ta 4 da ta sauka lafiya, ta farko kusa da kudancinsa. 'Yar motarta Pragyan, mai taya 6, ta gangaro a hankali, ta yi tafiyar kusan mita 100, har ta gano farar wuta a cikin ƙasar wurin.