Kuɗin mota na hana ɗalibanmu shiga aji a Legas

Duk mahaifin da ɗansa ya samu gurbi a jami'a a Legas yana da lissafin kuɗin rajista a kansa. Abin da ba ya shiga lissafin, kuma shi ke cin iyali a hankali, shi ne kuɗin mota. Yaranmu na Agege, Mile 12 da Idi-Araba da yawa daga gida suke tafiya karatu, don ɗakunan kwanan ɗalibai ba sa isa, haya kuma a Yaba ko Akoka, unguwannin da ke kusa da Jami'ar Legas, ta fi ƙarfin mai sayar da albasa.

Je ka tsaya a bakin titi a Agege bayan sallar asuba. Danfo ta tsaya, yaron mota na rataye a ƙofa yana kiran Oshodi, yana gargaɗin kowa ya shigo da canjinsa. Ɗaliba ta rungume jakarta a ƙirji, ta tambayi kuɗi, ta ji an ƙara a kan na jiya, ta koma gefe tana jiran wata. In hadari ya haɗu, farashin ya sake hawa. Ba na ɗora wa direba laifin duka: a kowace tasha agbero, wato masu karɓar kuɗin tasha, na jiransa da hannu a miƙe, ga fetur da ya yi tashin gwauron zabi tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023. Amma duk abin da aka karɓa a hannunsa, daga aljihun wannan yarinya yake fitowa. Sakamakon da na fi gani shi ne ɗalibi ya zauna yana zaɓen ranakun da zai je lacca, ya bar ta Litinin don ya samu na zuwa gwajin Alhamis. Malami kuwa ya ɗauka wasa yake da karatu.

Gwamnatin jihar ta yi aiki, wannan babu musu. BRT, tsarin manyan motocin bas na gwamnati, da aka fara a 2008 daga Mile 12 zuwa CMS ta nuna cewa mota mai hanyarta daban, mai farashi tsayayye, tana yiwuwa a wannan gari. An miƙa ta zuwa Ikorodu, an buɗe layin Oshodi zuwa Abule Egba a 2020, ga jirgin ƙasa na Red Line da ke tsayawa a Agege da Yaba. Sai dai babbar mota ba ta kai ɗalibi ƙofar makaranta. Wanda ya sauka a Fadeyi ko Yaba yana da sauran tafiya kafin Akoka, kuma tun da aka hana acaba a ƙananan hukumomi irin su Lagos Mainland a 2022, wannan guntuwar tafiyar ta koma hannun keke Napep da danfo. Ɗaliban Jami'ar Jihar Legas (LASU) da ke Ojo sun fi kowa shan wuya, domin jirgin Blue Line da ya fara aiki a 2023 iyakarsa Mile 2 ce a matakin farko, aka bar su da cunkoson hanyar Badagry.

Abin da nake kira a kai ba mai wahala ba ne. A ba ɗaliban manyan makarantu rangwame na dindindin a motoci da jiragen gwamnati, a haɗa katin Cowry, wanda ake biyan kuɗin motocin gwamnati da shi, da lambar rajistar ɗalibi. Masu cewa za a yi maguɗi su tuna cewa katin na rubuta kowace tafiya, kuma makaranta ta san wanda ya kammala da wanda aka kora. Masu cewa babu kuɗi su tuna da watan Agustan 2023, lokacin da Gwamna Sanwo-Olu ya rage rabin kuɗin motocin jihar ga kowa da kowa. Ɗalibai kaɗai ba su kai wannan nauyin ba.

Mu ma akwai namu aikin. Sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwanni suna zama da hukuma kan rumfuna da haraji, su sa maganar ɗalibai a cikin jerin buƙatunsu, su nemi hukumar sufuri ta Legas, LAMATA, ta sa ƙananan motoci masu karɓar Cowry tsakanin tashar Yaba da ƙofar Jami'ar Legas, da tsakanin Mile 2 da Ojo, musamman daga ƙarfe 6 zuwa 9 na safe.