Darajar gurasa a birnin Alƙahira

Na shafe mako uku a Alƙahira ina jinyar yayana, kuma da yake asibiti da masauki ne suka cinye lokacina, ban samu zuwa dalar Giza ba sai ana saura kwana biyu mu dawo. Abin da na sani game da birnin a bakin titi na koye shi, tsakanin sallar asuba da hantsi, lokacin da nake fita neman abin karin kumallo a unguwar Madinatu Nasr. Ra'ayin da na dawo da shi kuwa shi ne, babu abin da ya fi burge ni a wurin Misirawa kamar yadda suke girmama abincin talaka.

Gurasarsu ta yau da kullum suna kiranta aish, kalmar da asalinta ke nufin rayuwa, kuma wannan suna ba a baki kawai ya tsaya ba. Da safe za ka ga saurayi a kan keke ya ɗora wani dogon faifan katako a kansa, an jera gurasa mai zafi a kai, hannu ɗaya yana riƙe da faifan, ɗaya yana tuƙi, yana ratsa cunkoson motoci ba tare da ko ɗaya ta faɗi ba. Wata rana na ga wani dattijo ya sunkuya ya ɗauki gutsuren gurasa da aka yar a ƙasa, ya kai shi bakinsa da goshinsa, sannan ya ajiye shi a kan katanga don kada a taka. Bai dubi kowa ba, ya ci gaba da tafiyarsa.

Gwamnati ma ta san nauyin wannan abinci. Fiye da shekara 30 ana sayar da gurasar tallafi a kan ƙirshi 5, wato kashi ɗaya cikin ashirin na fam ɗin Masar, sai a watan Yunin 2024 aka mayar da ita ƙirshi 20, kuma mai katin tallafi yana da damar karɓar guda 5 a rana a kan kowane mutum na gidansa. A watan Janairun 1977, zamanin Anwar Sadat, an yi yunƙurin rage tallafin kayan abinci, jama'a suka cika tituna, gwamnati ta janye cikin kwana biyu. Na san masana tattalin arziki suna sukar wannan tsari, musamman da yake Masar na cikin ƙasashen da suka fi sayen alkama daga waje, kuma sukar tana da hujja. Amma ni da na tsaya a layin gidan gurasa na ga mata suna baza ta a kan benci don ta huce kafin su zuba a jaka, ban iya kallon abin a matsayin asara ba.

Mahaɗin gurasar shi ne ful, wani wake mai manyan ƙwaya da ake dafawa tun dare a kan wuta kaɗan cikin tukunya mai siririn wuya, har ya yi luguf. Mai amalanken yakan kwaso shi da dogon ludayi, ya zuba mai da gishiri da lemun tsami, ya miƙo maka da albasa a gefe. A tsaye ake ci, kuma a nan na ga mai kwat da jakar ofis kafaɗa da kafaɗa da lebura mai ƙurar siminti a riga, kowa yana dangwala gurasarsa, babu mai jin an rage masa daraja. Koshari, wanda ake haɗa shinkafa da taliya da adas (wani irin ƙaramin wake) da miyar tumatir da soyayyar albasa, ya yi mini nauyi da farko, daga baya na saba. Mulukiyya kuwa lalonmu ce, karkade kuma zoɓo ne, don haka a wajen waɗannan ban yi baƙunta ba.

Ba komai ne ya yi mini daɗi ba. Yawan neman bakshish, wato tukuici, a kan ƙaramar hidima yana gajiyar da baƙo, hayaƙin shisha a wuraren shan shayi ya dame ni, kuma wani direban tasi ya ninka mini kuɗi da ya ji Larabcina na makaranta ne. Sai dai a titin da aka yi mini haka akwai tulunan ƙasa da aka jera a gindin bishiya da ruwa mai sanyi don masu wucewa, irin randar da a da ake ajiyewa a ƙofar gida a garuruwanmu kafin ruwan leda ya karɓe wurin.

Mai gadin benen da muka sauka, mutumin kudancin Masar ne mai ƙaramin albashi, bai taɓa ganina yana cin abinci ba face ya ce “itfaddal”, kamar yadda muke cewa bisimilla. An gaya mini cewa sau da yawa tayin na ladabi ne kawai, don haka nakan yi godiya in wuce. Ranar da aka yi wa yayana tiyata na dawo da dare ban ci komai ba, ya dubi fuskata, bai yi tayi ba, sai ya jawo kujera, ya raba gurasarsa biyu, ya turo mini kwanon ful ɗin gabana.