Humboldt, Bajamushen da ya ƙarar da gadonsa a kan ilimi

Jiya a wajen ɗaurin aure na ji ana taya wani malamin jami'a murna, wai "ya samu Humboldt", zai tafi Jamus bincike. Na tambayi na kusa da ni, shi Humboldt ɗin waye? Ya ce ai sunan tallafin karatu ne. Ban ga laifinsa ba. Mu nan Bajamushen da muka fi sani shi ne matafiyin nan Barth, da ake kira Abdulkarim, wanda ya shigo Kano a 1851. Amma gidauniyar da ke ba da tallafin, wadda ke birnin Bonn na Jamus, aka kuma kafa ta a 1953, sunan mutum ta ɗauka, kuma mutumin ya isa a tsaya a kansa.

An haifi Alexander von Humboldt a Berlin a 1769, ɗan masu hali. Ya fara aikin gwamnati a matsayin mai duba ramukan haƙar ma'adinai. Mahaifiyarsa ta rasu a 1796, gado mai kauri ya faɗo masa. Wani da sai ya sayi gonaki ya miƙe ƙafa. Shi kuwa ya ajiye aiki, ya sayi na'urorin awo, a 1799 ya shiga jirgin ruwa daga Sifaniya tare da abokinsa Bafaranshe, Aimé Bonpland, masanin tsirrai. Shekara biyar suna yawo: Venezuela, Kuba, tsaunukan Andes, Meziko, duka da kuɗin aljihunsa.

Ku dubi abin da ya faru a 1802 a kan dutsen Chimborazo da ke Ekwado, wanda a lokacin ake zaton babu dutsen da ya kai shi tsawo a duniya. Sun hau har kusan mita 5,900, dasashinsu na zubar da jini, numfashi na sarƙewa, sanyi ya kashe yatsu. A haka mutumin nan yake tsayawa ya ciro na'ura ya auna iska, ya rubuta wace ciyawa ce ta tsiro a nan, a ina kuma ta daina. Ba su kai ƙololuwa ba, wani wawakeken rami ya tare su. Amma daga wannan hawa ya zana yadda tsirrai ke canzawa daga gindin dutse zuwa samansa, kamar yadda suke canzawa daga ƙasashe masu zafi zuwa masu ƙanƙara.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tafkin Valencia a Venezuela. A 1800 ya tarar ruwan yana ja da baya, ya duba ya ce sare dazuzzuka da janye ruwa zuwa gonaki ne suka jawo. Shekara fiye da 200 ke nan! Yau sai an tara taron ƙasa da ƙasa kafin a faɗi wannan maganar.

To amma a yi adalci. Akwai igiyar ruwan sanyi a gaɓar tekun Peru da ake kira da sunansa, alhali masuntan wurin sun san ta tun kaka da kakanni. Shi dai ya auna sanyinta ya rubuta. Mutanen da suka tuƙa masa kwale-kwale a kogin Orinoco, suka nuna masa hanya, suka ɗauki akwatunansa, yawancinsu ko sunansu ba a sani ba. Wannan yana ci mini tuwo a ƙwarya. Sunansa kuwa yana kan garuruwa a Amurka, kan tsuntsun teku, har kan wani fili a duniyar wata.

Duk da haka ina ganin ya ci sunansa, saboda bai rufe ido ga zalunci ba. A littafinsa kan Kuba ya yi kaca-kaca da bautar da bayi. Da wani Ba'amurke ya fassara littafin a 1856 ya cire wannan babin, Humboldt, yana tsoho ɗan shekara 86 da ɗoriya, ya fito a jarida ya yi tir da shi. Mutum ne da ke cin abinci a fadar sarkin ƙasarsu, Prussia, da ya yi shiru ba wanda zai tuhume shi.

Sauran dukiyar fa? Paris ta cinye. Ya zauna can wajen shekara 20 yana biyan masu zane da maɗaba'a don fitar da sakamakon tafiyar, mujalladi wajen 30. Charles Darwin, shahararren masanin halittu ɗan Ingila, yana saurayi ya karanta labarin tafiyar, ya tafi da shi cikin jirgin ruwan Beagle da ya yi tafiyar bincikensa a ciki. Humboldt ya rasu a 1859 yana da shekara 89, da bashi a kansa, kuma ko cikakken jerin littattafan nasa ba shi da shi a gida, don sun fi ƙarfin aljihunsa.