Maigida da Baƙaƙen Ƙwai

(Maigida ya tura ƙofa da ƙafa, ya shigo rungume da katan yana takawa a hankali.)

MAIGIDA: A matsa, a matsa! Kar wanda ya kuskura ya yi tari. Kai Auta kauce min. Uwargida, zo ki fitar min da jar kazar nan taki daga akurki yanzun nan, an yi manyan baƙi.

UWARGIDA: Sannu da zuwa Malam. Kazar da ta shiga kwanci jiya-jiya ce zan ɗaga? Meye a katan ɗin?

MAIGIDA: Arziki ne. Ƙwan Ayam Cemani, dozin guda. Kin taɓa jin sunan? Ina fa za ki ji. Kaza ce daga tsibirin Java can Indonesiya, baƙa ƙirin tun daga zanko har farce, gashi baƙi, fata baƙa, nama baƙi, kai har ƙashin ma baƙi ne, Turawa ma da kansu sai a 1998 wani ɗan ƙasar Holan ya shigo musu da ita, yau ga ta a gidana.

UWARGIDA: To in ta ɓace da daddare da me za mu neme ta?

MAIGIDA: Ke kullum sai kin kawo ƙauli da ba'adi. Leƙa ki gani, amma daga nesa.

UWARGIDA: Ikon Allah, ƙwan ma baƙi ne. Malam nawa ka biya?

MAIGIDA: Ba'a tambayar kuɗin abin tarihi.

UWARGIDA: Shi ya sa ban ga babur a ƙofar gida ba kenan.

(Maƙwabci ya yi sallama. Shi ya daɗe yana kiwon irin waɗannan kajin a bayan gidansa.)

MAIGIDA: Yawwa, gara da Allah ya kawo ka. Zo ka ga abin da kake ta yi mana yanga da shi shekara da shekaru, ni ma yau na shiga layi, kuma nawa sun fi naka asali tunda naka ƙwan fari suke yi.

MAƘWABCI: Masha Allah Yaya, Allah ya sa albarka. A ina aka samo?

MAIGIDA: A intanet. Wani bawan Allah ne mai amana, har bidiyo ya turo min, ya ce saura dozin ɗaya tak kuma mutum uku ne suke jira.

MAƘWABCI: Hmm. Yaya, Cemani fa ba ta yin baƙin ƙwai.

MAIGIDA: Taka ce ba ta yi.

MAƘWABCI: Ta kowa ma. Ƙwanta kalar ruwan madara ne. Baƙin nan da kake gani a jikinta daga ƙwayar halitta yake, akwai wata da ake kira EDN3 da ta ninku a jikinsu, shi ne sinadarin baƙi ya bi fata da nama da ƙashi, amma bai taɓa ɓawon ƙwai ba, jininta ma in ka yanka ja ne irin na kowace kaza. Kazar Kadaknath ta Indiya ma haka take, Silkie mai yatsu biyar ma haka, duk cikinsu ba mai baƙin ƙwai.

MAIGIDA: Hassada dai ba kyau.

UWARGIDA: Malam, duba tafin hannunka.

MAIGIDA: Wannan... gumi ne.

UWARGIDA: Tunda aka kawo ni gidan nan ban taɓa ganin ka yi baƙin gumi ba. Ga gaban rigar ma ya ɗauka. Bari in jiƙa tsumma.

MAIGIDA: Kar ki taɓa! Ba'a wanke ƙwan da za'a ƙyanƙyashe!

MAƘWABCI: Nan kam ka yi gaskiya, akwai wani siririn rufi a jikin ɓawon da yake tare ƙwayar cuta, in aka wanke ya tafi. Sai dai fentin nan ya riga tsumma yin ɓarna.

(Uwargida ta goga. Tsumma ya yi baƙi, ƙwai ya fito fari fat.)

MAIGIDA: To ai... ƙila ya shafa ne don kar a yi musu baki a hanya. Abin da ke ciki shi ne magana. Kai dai faɗa min yadda ake ƙyanƙyasa, ni na shirya bargo da ƙwan fitila a ɗaki.

UWARGIDA: A wane ɗakin?

MAƘWABCI: Bargo ba zai yi ba Yaya. Kwana 21 ake yi, zafi ya tsaya wajen digiri 37.5 dare da rana, a dinga juya su aƙalla sau uku kullum, ranar kwana 18 a daina juyi a ƙara musu danshi, in wuta ta ɗauke ta daɗe kuma sai dai haƙuri. Ko ka sayi inkubeta, wato injin ƙyanƙyasa, ko ka samu kaza mai kwanci, don ita Cemani ba ta cika zama kan ƙwanta ba, ƙwan ma bai fi wajen 80 take yi a shekara ba, ta yi kaɗan ta tafi hutu. Ni Silkie nake sa wa su kwanta min.

UWARGIDA: Au, kaza mai kwanci? Irin wadda aka ce in kora ɗazu?

MAIGIDA: Haba Uwargida, ai ni da wasa nake. Jar kazar nan ai 'yar gida ce.

UWARGIDA: Yanzu ta zama 'yar gida. To haya ce, rabin 'yan tsakin nawa ne.

MAƘWABCI: Ai ko ba ki roƙa ba, za ki samu, don ba duk tsakon da ya fito ne ake barin sa a iri ba. Kana buɗe bakinsa ka duba ko baƙi ne, ka ɗaga fiffike, ka duba yatsu, wanda ya zo da farin gashi ko zankonsa ya fara ja in ya tasa sai a ware shi, kuma kar ka yi ta haɗa zakara da ƙanwarsa shekara bayan shekara, sai iri ya lalace, dole ka nemo zakara daga wani jinin, shi ma ka killace shi kamar wata guda kafin ya shiga cikinsu. Wannan sha'ani ne na haƙuri, ba na kuɗin sauri ba.

MAIGIDA: Duk na ji. Kawo tocila ka haska min, an ce ana ganin tsako a ciki.

MAƘWABCI: Sai ya yi kwana 7 zuwa 10 a kwanci ake ganin jijiyoyi, amma kawo farin nan mu gani. (Ya haska.) Ikon Allah. Ɗanyen ƙwai ai haske yana ratsa shi. Wannan ko alama.

MAIGIDA: Ka gani ko! Baƙin tsakon ne ya tare hasken!

(Maƙwabci ya ɗora ƙwan a faranti ya murza. Ƙwai ya kama juyi da gudu ya ƙi tsayawa.)

MAƘWABCI: Yaya, ɗanye ba ya irin wannan juyin, tangal-tangal yake yi ya tsaya. Kira mutumin naka.

MAIGIDA: (Ya kanga waya a kunne.) Wai a kashe take. Ƙila caji ne.

UWARGIDA: Rashin sani ya sa kaza ta kwana kan dami. Tsaya ma, dozin ka ce ko? Ni goma nake gani har da na farantin. Ina Auta?

(Auta ya leƙo daga bayan ƙofa, leɓensa da yatsunsa baƙi ƙirin, kumatu cike.)

MAIGIDA: Innalillahi! Auta ɗanye ka sha min?

AUTA: A'a Baba, dafaffe ne. Gwaiduwar ma ta dahu sosai. In ɓare maka ɗaya?

MAIGIDA: (Ya zauna a ƙasa, ya cire hula, ya daɗe yana kallon katan.) Uwargida, akwai gishiri?