Sojojin da na ɗauko haya

Har yau in na ga jan abu mai ɗigon baƙi, ko a jikin atamfa ne, sai gabana ya faɗi.

Kun dai san ƴar garkar nan tawa ta bayan gida. Da sanyi ya shigo na dasa shu da salati, uwargida kuma ta saki kabewarta ta bi darni. Shu na fara naɗewa darɓa ta sauka, ƴan ƙananan ƙwarin nan masu tsotsar ganye. In ka juya ganye sai ka gan su jingim kamar an barbaɗa toka, ga danƙo, ga tururuwa na kai da kawo. Na ce a yi feshi, uwargida ta ce ba a garkar da ƴaƴanta ke tsinkar salati suna ci ba wanki ba. Daren nan na ga bidiyo a talho, wani ɗan ƙwaro ja mai ɗigon baƙi da Faransawa ke kira koksinel, guda ɗaya na iya cinye darɓa kusan 50 a yini, Turawa har sayensa suke a kwali. Da safe na tara yaran unguwa, na nuna musu hoto, na ce kowane ɗaya dala biyar. Suka kalli juna. Da na san ma'anar kallon nan, da ban kai ga wannan labari ba. Kafin La'asar sun dawo daga garake na Tadis da 80 cif a buteli, na ƙirga jika 2 na ba su.

Na bi ƙa'ida tsaf. Na yi ban ruwa, na jira rana ta faɗi don kada su tashi su bar ni, na zazzage su a kan shu ina cewa bismillah, ga abinci nan. Washegari ko ɗaya babu a kan shu, duk sun koma darni. Na ce gajiyar tafiya ce, inuwa suke sha. Kafin su huta ni ma na taimaka musu, domin akwai wasu munanan tsutsotsi baƙaƙe-baƙaƙe a cikin darɓar, masu ƙafa shida, dogaye kamar ƴaƴan kada. Kullum da safe in bi in murtsuke su in jefa a gwangwanin tumatir.

Ranar Juma'a na kwaso ƴan fada su zo su ga noman zamani. Mushe malamin lakwal ya zo, tela ya zo, har mai kabu-kabu ya ajiye babur. Na ɗauko guda a tafin hannu ina cikin bayani, na kai inda nake cewa zamanin guba ya wuce, sai ga sallama. Surukina ne, ya biyo da ƴar albasa a buhu.

Na zube na durƙusa, kaina a ƙasa, hannu a dunƙule. Ƙwaron da ya ji matsi sai ya saki ruwan nan nasa rawaya mai wari, yana bin tsakanin yatsuna. Muka gaisa, ina gida, ina gajiya, ina sanyi. Da an bar mu haka da ya shige ciki wajen ɗiyarsa, shi ke nan. Sai Mushe ya buɗe baki ya ce, "Baba, ka zo a daidai, yau surukinka ke koya muna noma."

"Mi na na a hannunka?" in ji Baba.

Na buɗe. Ya sunkuyo, ya ɗauka, ya kai shi kusa da ido, ya ƙirga ɗigon da farce, shida nan, shida nan. Ya daɗe bai ce komai ba. Ni kuwa ina nan durƙushe, gwiwa ta fara rawa, don bai ce in tashi ba.

"Ina ka samu wanga?"

"Yara suka kawo daga Tadis, Baba."

"Kyauta?"

"Dala biyar-biyar."

"Dala biyar." Ya maimaita a hankali, kamar mai karɓar ta'aziyya. "Ni dala guda-guda nika ba su, su tsince min shi daga kankana, su ƙone. Ashe kasuwa sunka samu."

Tela ya juya baya yana kallon bango, kafaɗunsa na girgiza. A tsakar gida na ji daka ya tsaya.

Baba bai yi dariya ba, kuma da ya yi da ya fi min sauƙi. Ya ce mai cin darɓa sumul yake, yana sheƙi kamar an shafa masa mai. Wannan kuwa dishi-dishi ne, bayansa da ɗan gashi kamar ƙura ta hau shi, ɗigo 12, kuma shi ba ruwansa da darɓa, ganyen kankana da kabewa da guna yake ci. Ya taka zuwa darni ya ɗaga ganye guda ya saita shi da rana. Wallahi ta cikin ganyen na hango fuskarsa. Sun kankare shi tas, sai jijiyoyi, kamar rariyar tankaɗe. A ƙarƙashin wani ganyen ga ƙwai rawaya a jere, wato har sun fara iyali a gidana.

Don in ɗan rage kunya sai na jawo gwangwanin na ce, amma Baba ga tsutsa nan na rage da yawa. Ya leƙa. Ya yi salati. Ya ce waɗannan su ne ɗiyan na gaskiyar, Allah ne ya kawo min su kyauta, kowane ɗaya sai ya ci ɗaruruwan darɓa kafin ya zama ƙwaro. Tururuwar da na ƙyale kuwa ita ce mai gadin darɓa, tana lasar zaƙin da suke fitarwa, tana korar duk mai son cin su. "Ka yanka karnukan gadi, ka buɗe wa kura garke," ya ce, ya ɗauki buhunsa ya shige.

Ni fa ba yaran ke ci min rai ba, sana'a suka yi. Mushe ne. Mutumin nan kimiyya yake koyarwa. Ranar da aka kawo butelin shi ya fara karɓa, ya ɗaga shi sama, ya gyara tabarau, ya ce "tire biyan". Yau shi ne ke riƙe ciki yana cewa ai tun farko ya ga alamar gashi. Ka ga gashi ka yi shiru? Kuma wannan mutumin ne ya ari arozuwata ta ƙarfe shekara 2 ke nan, wai zai shayar da ƴan itatuwan lakwal. Itatuwan sun mutu, arozuwar ba ta dawo ba. In na tambaya ya ce tana wajen gadi, in na tambayi gadi ya ce wace arozuwa. Shi ne kuma ya laƙa min Janar, yanzu har mai shayi in zai miƙo min kofi sai ya ƙame.

Kwana uku muna tsince ƙwarin da hannu, ni da ƴaƴana, su ma sai da na biya su. Shu ɗin na koma fesa masa ruwan bedi da sabulu, ya ɗan farfaɗo. Uwargida ba ta ce min uffan ba, sai dai duk ranar da ta sayo kabewa a kasuwa tana faɗin kuɗinta da ƙarfi tun daga zaure.

Shekaranjiya yaran suka sake sallama da wani butelin, wai sun rage min, dala uku-uku. Na tura su gidan Mushe.