Ƙullutun jini a gidan ƙwai ba ya nufin an daina haihuwa

Mata da yawa idan hoton ciki ya nuna musu ƙullutu mai jini a gidan ƙwai, sai hankalinsu ya tashi, su ɗauka haihuwa ta ƙare. Galibi ba haka abin yake ba.

Duk wata, ƙwai yana girma cikin wata 'yar jaka har ta kai kusan santimita 2, sai ta fashe ya fito. Wani lokaci ƙaramar jijiya takan yage, jini ya taru a cikin jakar. Wannan ma alama ce cewa ƙwai yana fita. Mace takan ji ciwo a gefe ɗaya na mara, kuma yawanci ƙullutun yakan narke da kansa cikin mako 6 zuwa 8. Idan ya haura santimita 5, likita yakan sake ɗaukar hoto bayan mako 6 zuwa 12.

Wanda ke taɓa haihuwa daban ne: ƙullutun endometiriyosis (cutar da nama irin na shimfiɗar cikin mahaifa ke tsirowa a wajen mahaifa), mai tsohon jini baƙi-baƙi mai kauri, wanda ba ya tafiya da kansa kuma yakan manne bututun ƙwai. Gaggawar tiyata ma tana da illa, domin wajen ɓare jakar akan yi asarar lafiyayyun ƙwayaye.

Amma idan ciwo ya taso farat ɗaya da tsanani, ga amai, jiri, suma ko ciwon kafaɗa, a garzaya asibiti. Ƙila ƙullutun ya fashe jini na zuba a ciki, ko gidan ƙwan ya murɗe. A yi gwajin ciki nan take, don cikin da ya zauna a wajen mahaifa haka yake zuwa.